Injina da ya yi gumi a kan teku

Shekara da shekaru ina aikin ɗab'i a Kano, kuma sau biyu na sayo tsohon inji daga Jamus. Na farko injin yanka takarda ne. Da aka buɗe kwantenar a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, sai na tarar teburinsa, wanda na gani a hoto yana ƙyalli kamar madubi, ya yi ja da tsatsa. Ko ɗigon ruwan teku bai shiga ba, kwantenar lafiyarta ƙalau.

Ejan ɗina ne ya warware mini zancen, ya ce, "Alhaji, injinka gumi ya yi." An loda shi a Hambug cikin tsananin sanyin Janairu, ƙarfen ya ɗau sanyi har cikinsa. Da jirgi ya gangaro inda iska ke da zafi da laima, sai raɓa ta dinga kwanciya a jikinsa, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke jiƙewa idan ka fito da ita daga firji. Ni ne kuwa na ce a bar batun nannaɗewar nan mai tsada, leda ta isa. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Na biyu injin bugu ne mai kala huɗu, shi kuma tsayi ne matsalarsa. Ƙofar doguwar kwantena mai ƙafa 40 ba ta kai mita 2.6 ba, faɗinta kuma kimanin mita 2.3 ne. Da aka ɗora injin a kan gindin katako, sai ya zarce ƙofar da kusan taƙi guda. Dole muka ɗauki kwantena marar rufi, wadda ake zura kaya ta sama a lulluɓe da tampol. Akwai kuma wata mai kama da faranti, babu rufi babu bangon gefe, ta kayan da suka yi faɗi. Idan kayanka suka leƙo waje, har gurbin da ka hana a ɗora wa wasu sai ka biya.

A wannan karon ban yi ƙwauro ba. An shafe duk ƙarfen da ba fenti da giris, an sa injin cikin jaka mai azurfa-azurfa, an zuba buhunan hodar da ke tsotse laima, aka zuƙe iskar aka liƙe. An ɗaure ƙafafunsa da noti a jikin katako mai hatimin ISPM 15, shaidar an kashe ƙwarin cikinsa. Sannan sarƙa ta ko'ina, domin jirgi yakan yi tangaɗi dare da rana, musamman a mashigin Biskay da ke gaɓar Faransa da Sifen, kuma abin da ya motsa kaɗan yau, gobe zai motsa da yawa. Nauyi ma sai da aka auna, tunda daga Yulin 2016 ba a loda kwantena sai da tabbataccen nauyinta.

Inshora kuwa, da na buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, na nemi mai sharaɗin A, wadda ta fi ɗaukar nauyin asara iri-iri. Mutane da yawa kan ɗauki ta C don arha, alhali ita gobara da nutsewa da karo ta fi duba. Na kuma sa aka rubuta ta har ƙofar shagona, don ramukan hanyar Legas zuwa Kano ma abin tsoro ne.

A jikin akwatin an manna wasu 'yan na'urori guda biyu, ɗaya takan yi ja idan an buga kayan da ƙarfi, ɗaya idan an karkata su. Ranar da tirela ta tsaya a ƙofar shago, kafin in gaisa da direba sai da na haura na duba su. Ba wadda ta canza launi. Na yanka jakar da reza, na shafa silinda ta farko da yatsa, giris kawai na shafo.