Kujerun da na ajiye a rana

A shekarar ƙarshe ta karatuna na tsara birane aka ba ni aikin sake fasalin wani fili da ke tsakanin kasuwa da tashar mota a garinmu. Lokacin labarin dandalin Trafalgar na Landan ya cika mini kai. A da motoci ne suka kewaye shi, mutanen gari sai dai su rakuɓe gefe su wuce. Masu bin tsarin Space Syntax, wato nazarin yadda fasalin tituna da filaye ke juya zirga-zirgar mutane, wanda Bill Hillier ya assasa a jami'ar UCL ta Landan, suka bi sawun masu tafiya a ƙasa suna ƙirgawa. Da wannan binciken kamfanin Norman Foster ya yi zanensa: aka hana mota bin titin arewa, aka gina matakala a tsakiya, aka sake buɗe dandalin a 2003.

Na ce ni ma haka zan yi. Na zana titunan unguwar a manhajar taswira ta QGIS, na zuba su a depthmapX, manhajar da ke yin wannan nazarin, sai ga jan layi, alamar inda ake sa ran mutane za su fi bi, ya ratsa filin a karkace daga ƙofar kasuwa zuwa bakin tasha. Da na je, turbar na nan daidai wurin, ƙafa ta daddaɓe ta har ciyawa ba ta tsirowa. Kaina ya kumbura.

Mako biyu na yi ina tsayawa a kowace mashiga da takarda, ina ƙirgar masu wucewa minti biyar-biyar. Amma a Disamba na yi ta, tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke fitowa shan hantsi. Na ga jama'a a tsakar fili, sai na jera kujeru can a zanena.

Wani dattijo mai shayi ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Ɗana, ka dawo da bazara ka zauna nan da azahar. In ka yi minti goma, shayinka kyauta."

Na dawo a Afrilu. Tsakar filin wayam. Masu gyaran takalmi da masu jiran mota duk suna gindin darbejiya biyu da jikin katangar masallaci, inuwa na juyawa suna jan tabarma suna bin ta. Dole na auna inuwa da ƙarfe 10, da 2, da 4, na mayar da kujerun gindin bishiyoyin, na bar turbar yadda ƙafa ta shata ta, na sa turakun kankare don tare 'yan acaɓa.

Shayin kuwa da kuɗina na sha. Minti shida na iya yi.