Ku Gina Gida Ko da a Babila Kuke

Ƙannena, babu ayar da matasanmu suka riƙe a 'yan shekarun nan kamar Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake yi mana, shirin alheri ne ba na masifa ba. Tana jikin kalandar coci, tana kan WhatsApp na kusan duk wanda ya gama bautar ƙasa. Ban ga laifinku ba. Wanda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zaunar da shi gida wata takwas, yana komawa aji aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, har kuɗin adaidaita sahu daga Sabon Gari zuwa Jami'ar Bayero ya zama abin lissafi, dole ya nemi madogara. Roƙona dai ku karanta surar tun daga farko, ku haɗa da ta 28. Ni ban yi haka da wuri ba, kuma na ji jiki.

Ayar nan cikin wasiƙa take. Irmiya ne ya aika ta daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Su abin da suke son ji shi ne an kusa komawa gida, kuma masu faɗin haka ba su yi wuya ba. Wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali a Urushalima, ya karya karkiyar da ke wuyan Irmiya, ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo. Irmiya ya rubuta cewa sai shekara 70. Ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a. Sai bayan wannan duka alkawarin ya biyo.

Da na gama bautar ƙasa, na ɗaura wa raina aikin gwamnati, in ba shi ba to babu. Wani maƙwabcinmu Musulmi mai shago a Kantin Kwari ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka riƙa zama a shago kafin Allah ya kawo naka." Na ce, "Na gode, Alhaji," ban taɓa leƙawa ba. A lokacin ce wa kaina nake ina jiran Ubangiji. Gaskiyar ita ce kunya nake ji a ga mai digiri yana awon shadda. Yaron da ya zauna a gurbin, yau shagonsa gare shi.

Daga nan na koma bin duk taron kwanan addu'a da aka ce ana faɗa wa mutum ranar buɗinsa. An ce mini kafin wata ya mutu takardar ɗaukar aiki za ta fito. Don haka da wani mutum ya zo da zancen gurbin aiki na sayarwa, sai na ɗauka amsar addu'a ce. Mama ta sayar da keken ɗinkinta ta ba ni kuɗin. Mutumin ya kashe waya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sawun ƙafafun keken a kan simintin ɗakinta, ga tsatsa ta zana su sarai, kullum ta share wurin ba ta ce mini komai. Na gaskata Allah yana yin al'ajibi har gobe. Amma duk wanda ya yanka muku rana, ko ya ce ku kawo kuɗi a ba ku aiki, ku tuna Hananiya, ku riƙe aljihun iyayenku.

Sai kuma ɓoye damuwa. Ran Lahadi in goge takalmi, in yi waƙa da ƙarfi, a tambaye ni in ce, "Lafiya lau, mun gode Allah," alhali barci ya ƙaurace mini. Na ɗauka faɗin tsoro rashin bangaskiya ne. Ina na samo wannan? Yesu da kansa a Getsamani ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa na shan wahala matuƙa, ya ce su zauna a faɗake tare da shi. Bulus ma da ya ce wa Filibiyawa kada su damu da komai, a ɗaure yake, kuma ya nuna musu inda za su kai damuwar: addu'a da roƙo tare da godiya.

Wani dattijon ikkilisiyarmu ne ya lura na rame. Ya tsare ni bayan sujada ya ce, "Ɗana, ba lafiya ba, faɗa mini." Na ce, "Baba, na gaji," sai hawaye. Bai yi mini wa'azi ba. Ya yi addu'a gajeriya, cikin makon ya kai ni Farm Centre wurin mai gyaran waya. A hanya ya tuna mini cewa Bulus, duk iliminsa, ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila. Ranar da na fara canza gilashin waya hannuna na rawa, aka ba ni kuɗin da bai taka kara ya karya ba, na saya wa Mama sabulu da sukari. Ban daina neman aiki ba, ku ma kada ku daina. Amma tun daga lokacin neman bai ƙara hana ni rayuwa ba.

Kano garin sana'a ne. Dawanau na nan da hatsi, Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi na nan, kuma yawancin masu koya muku ba 'yan cocinku ba ne. Ku gaishe su da ladabi, ku riƙe amanar kuɗinsu, ku sa su a addu'a kamar yadda aka umarci waɗanda aka kwashe zuwa Babila su yi wa birnin. 'Yan'uwana mata, da ku nake: kada jiran miji ko takarda ya hana ku koyon abin hannu.

In kuwa damuwar ta kai ba ci ba barci, ko zuciya ta fara raya muku ku cutar da kanku, ku gaya wa fasto ko wani babba a yau, ku ce ya raka ku ganin likita. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can bai hana a ci gaba da yi muku addu'a a gida ba.