Injin da nake sayar wa sabon shiga

Shagona ƙarami ne, a bayan garin Houston, jihar Texas. Kayan sake cika harsashi nake sayarwa, yawancin masu zuwa kuwa maharban barewa ne da 'yan gasar harbi. A Amurka doka ta yarda mutum ya cika wa kansa, amma in zai sayar sai da lasisin gwamnatin tarayya. A gida Najeriya kuwa laifi ne babba, kada wani ya ce ni na sa shi.

Abu huɗu ke cikin harsashi: kwanson tagulla, firaima mai ba da tartsatsi, albarushi, da kan da ke fita. Kwanson ne ake tsinta bayan harbi, a wanke, a mayar da shi daidai, a sake cikawa.

Duk sabon da ya shigo, idonsa na kan shuɗin injin cika harsashi na kamfanin Dillon, wanda kowane jan hannu ke faɗo da harsashi gamamme. Ribarsa ta fi, amma ba na miƙa wa wanda bai taɓa yi ba. Koren nan na kamfanin RCBS nake nuna masa, mai suna Rock Chucker, mai aiki ɗaya a lokaci guda, ko na Lee in aljihu ba nauyi. Da irinsu kowane kwanso sai ya bi ta hannunka sau da yawa. Ka jera hamsin a kan katako, ka haska tocila, ka leƙa su ɗaya bayan ɗaya ka ga albarushin ya tsaya daidai wa daida. Wani dattijo ya taɓa kawo min bindigarsa a tsage, yatsunsa biyu a naɗe da bandeji. Kwanso ɗaya ne ya ci albarushi sau biyu, bai lura ba. Har yau ina tuna yadda hannunsa ke rawa.

Shi ya sa nake cewa a fara kashe kuɗi kan sikeli mai kyau. Da giren, wani ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi, ake auna albarushi, guda 7,000 ke cikin laba ɗaya, ɗan ƙari kaɗan ya isa ɓarna. Adadin da za a zuba kuma daga littafin kamfanin Lyman ko na Hornady ake ɗauka, ba daga bakin wani a intanet ba. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan teburi, tabarau a ido.

A 2020 firaima ta yi ɓatan dabo, kantata ta yi watanni wayam. Littattafai da sikeli na yi ta sayarwa, waɗanda suka saya lokacin su ne har yanzu ke dawo min.