Wasiƙa daga Ohio ga masu turo mini bidiyon yaransu

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, manya da yara, da fatan iyali suna lafiya. Ku yi mini afuwa ba zan ja gaisuwa ba, maganar da ke bakina tana da tsawo.

Tun ranar da uwargida ta sa hoton babban ɗanmu sanye da rigar ƙwallo a WhatsApp wayata ba ta huta ba. Wannan ya turo bidiyon ƙaninsa yana yanke mutum uku a filin unguwa, wancan ya ce, "Baffa, ga ɗanka nan, ka samo masa jami'a a Amurka, an ce tamaula kawai ake bugawa a yi karatu kyauta." Yaran da nake gani a bidiyoyin nan wallahi sun iya, wasu sun fi nawa ƙafa, shi ya sa abin yake damuna. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Zan yi maganar kuɗi, da takardu, da biza.

Ƙungiyar da ke kula da wasannin yawancin jami'o'i ita ce NCAA, kuma rukuni uku gare ta. Jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da ko kwabo saboda wasa, sai don ƙoƙarin karatu ko ƙarancin hali. Su Harvard da Yale ma ba sa ba da tallafi saboda wasa, duk da suna rukuni na ɗaya. Shekara da shekaru dokar rukuni na ɗaya ita ce kocin maza yana da kuɗin cikakken tallafin karatu na ɗalibai 9.9 kacal, shi zai yayyanka wa yara kusan 30, wannan ya samu rabi, wancan kwata, wani ko sisi. An sauya tsarin a 2025, makarantun da suka shiga sabon tsarin aka taƙaita musu 'yan wasa 28 aka sake musu hannu wajen tallafi, amma sakin hannu bai sa kuɗi a asusun da babu ba. A makarantar da ake biyan sama da dala 60,000 a shekara, ko rabi aka yafe maka, ka lissafa abin da ya rage a kanka. 'Yan mata sun fi samun ƙofa: tun dokar Title IX ta 1972 ake tilasta wa makarantu daidaita dama tsakanin maza da mata, ƙungiyoyinsu a rukuni na ɗaya sun haura 300, na maza kuwa 200 da 'yan kai ne.

A nan ba a gano yaro a filin unguwa. Sai ya shiga kulob da ke buga manyan gasannin matasa irin su MLS Next ko ECNL, kuma in ka cire makarantun ƙwallo na kulob-kulob ɗin MLS, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, iyaye ke biya. Rajista, riga, man mota, otal, jirgi. Na tuƙa mota awa bakwai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don yaron ya buga wasa uku a gaban masu horarwa. Za ka gan su a bakin layi kan 'yan kujerun naɗewa, kowa da rigar makarantarsa da takarda a cinya. Wani ya kalli minti ashirin ya naɗe kujerarsa ya koma wani fili, kai kana tsallake kana addu'ar Allah ya sa ƙwallo ta bi ta wajen ɗanka kafin ya tashi.

Kocin rukuni na ɗaya ba shi da izinin kiran yaro sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, wato kamar SS1 a gida. Ɗana ya rubuta wa makarantu kusan 40 imel kafin ranar, kowace da gajeren bidiyonsa da makinsa da jadawalin wasanninsa. A daren bai yi barci ba, waya na hannunsa har aka kira asuba. Babu wanda ya kira. Da hantsi ya fito falo ya ce, "Baba, ko ban iya ba ne?" Har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar nan sai raina ya sosu. Mahaifiyarsa ce ta zaunar da shi ta ce abincin wani gubar wani, makarantar da za ta so shi tana nan, ya ci gaba da rubutu.

Akwai wani imel da ya ruɗe mu. Wata jami'a ta rubuto da sunansa, wai sun ga wasansa, ya zo sansanin gwaji. Muka biya, muka kwana a hanya, muka tarar da yara sun fi 100, kocin bai ma san sunansa ba. Daga baya na gane saƙon nan dubban yara ake tura wa, sansanin hanyar samun kuɗi ce. Yanzu ba ma zuwa sai koci ya kira da bakinsa ya faɗi wasan da ya kalla da lambar da yake nema.

To, ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: takardu. Duk iyawar yaro, ba zai taka fili a rukuni na ɗaya ko na biyu ba sai ofishin tantancewa na NCAA ya wanke shi. Suna son darussa 16 da suka amince da su, Turanci da lissafi da kimiyya da sauransu, da maki aƙalla 2.3 cikin 4 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu. Sun daina neman SAT, wato jarrabawar shiga jami'a, tun 2023, ko da yake wasu jami'o'in suna nema don kansu. Ana fara ƙirga daga aji 9. Mu da muke zaune a nan ma sai da muka yi tuntuɓe: wani darasi da yaron ya yi shekara guda yana yi ashe ba ya cikin jerin da aka amince wa makarantarsu. Na yi sati uku ina safa da marwa tsakanin ofishin mai ba ɗalibai shawara da shafin intanet, a ƙarshe sai da ya ƙara wani darasin. Babu wanda ya gaya mana tun farko, kowa ya ɗauka mun sani.

Yaron da ke Kano ko Zariya nauyinsa ya ninka. Za a nemi sakamakon WAEC ko NECO, da takardar makin kowace shekara tun daga JSS3, da hatimin makaranta. Na san makarantu da yawa a gida da in ka je neman makin shekara huɗu baya sai an yi ta tonon kwali. Ku karɓa tun yanzu ku adana. Sannan suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a fasfo da takardar haihuwa da ta jarrabawa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da komai wata da watanni. Maganar rage shekaru kuwa, don Allah ku bar ta. Shekarar gama sakandare suke dubawa, kuma a rukuni na ɗaya shekara ɗaya ake ɗaga wa yaro ƙafa bayan ya gama. In ya wuce haka yana buga gasa, sai a fara zaftare masa shekarun wasa. Za a tambaye shi duk kulob ɗin da ya taɓa bugawa, ko an biya shi albashi, ko ya sa hannu da wani dillalin 'yan wasa. Takarda ɗaya da yaro ya sa wa hannu yana ɗan 16 bai karanta ba tana iya rufe masa ƙofar nan.

Hanyar dai akwai ta. Abu Danladi ɗan Takoradi ne a Ghana, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya yi sakandare a California, ya buga wa jami'ar UCLA, a 2017 Minnesota United ta ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasan MLS. Ku lura ta aji ya bi. Akwai kuma kwalejojin shekara biyu da makarantun NAIA, wata ƙungiyar wasannin jami'o'i daban da NCAA, kuɗinsu da sharuɗɗansu sun fi sauƙi, yara 'yan Afirka da dama ta nan suke farawa su wuce gaba.

Biza sai makaranta ta ba da takardar I-20 mai nuna ta karɓi ɗalibin, kuma dokokin shigowa sun tsananta ƙwarai tun 2025, ku bincika halin da ake ciki kafin ku ba kowa kuɗi. Yadda yaro Musulmi yake fama da azumi da sanyi a nan kuwa sai a wata wasiƙar.

Ɗana yanzu yana magana da makarantu biyu, ɗaya a rukuni na biyu, ɗaya a na uku wadda ta yi alkawarin tallafi mai kauri saboda makinsa. Ransa yana ga ta farko, mahaifiyarsa tana son ta biyun don akwai masallaci kusa kuma awa biyu ce daga gida. Wata mai zuwa za mu je mu ga kowace da idonmu, in sha Allahu. Ku sa mu a addu'a. Wanda zai sake turo mini bidiyo, ya haɗo da hoton sakamakon yaron da shekarar da zai gama sakandare, zan duba in gaya masa gaskiyar abin da na gani.

Wassalam, naku a Columbus.