Daga Kansas City zuwa Omaha a motar koci

A watan Yuni na 2023 kocin da ke horar da ɗana wasan besbol ya ce zai je Omaha kallon gasar jami'o'in Amurka, akwai wuri a motarsa in muna so. Ni da yaron muka ce muna so. Ranar Alhamis 22 ga wata muka tashi daga Kansas City da hantsi, muka ɗauki babbar hanya mai lamba 29 muka nufi arewa. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, wajen awa uku. Bayan St. Joseph ba abin da ido ke gani sai gonakin masara da waken suya, ga kogin Missouri a hagu yana ɓuya yana fitowa.

Hirar cikin mota ta fi hanyar daɗi. Na ɗauka duk mai sanye da rigar jami'a albashi yake ci, sai Koci ya warware mini. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, a lokacin ta yarda wa kowace ƙungiyar besbol ta babban rukuni da babban koci ɗaya da mataimaka biyu masu albashi. Na huɗunsu ɗan sa-kai ne: shi ke jefa wa 'yan wasa ƙwallo a atisaye har kafaɗarsa ta yi tsami, shi ke kwana kan bidiyon abokan karawa, amma jami'a ba ta ba shi ko sisi, ba kuma inshorar lafiya. Wannan kujerar Koci yake kai. Abin da yake ci da iyalinsa daga sansanin horar da yara yake fitowa, irin wanda ɗana ke zuwa. Na ce, "Koci, me ya hana ka nemi wani aikin?" Ya ce ta wannan ƙofar yawancin manyan suka shigo, kuma daga 1 ga Yuli dokar za ta canja, a fara biyan mataimaki na uku.

Mun tsallaka kogi daga Council Bluffs muka shiga Omaha da azahar. Kafin komai Koci ya kai mu inda tsohon filin Rosenblatt yake, kusa da gidan namun daji na Henry Doorly. A nan aka yi gasar daga 1950 zuwa 2010. An rushe shi, an bar ɗan ƙaramin fili don tunawa, yara na ta gudu a kai. Yana tsaye yana lissafo mana magabatan kocoyi kamar mai karanto salsalar gidansu: Rod Dedeaux da ya ci kofi 11 da jami'ar USC, biyar daga ciki a jere daga 1970 zuwa 1974, Skip Bertman mai biyar da LSU, jami'ar Jihar Louisiana, Augie Garrido mai biyar, uku a Cal State Fullerton, biyu a Texas.

Da yamma muka shiga sabon filin, Charles Schwab, mai ɗaukar mutum 24,000. Ƙungiyoyi 64 ne ke fara gasar, takwas kacal ke isowa Omaha. Wasan daren nan tsakanin LSU da Wake Forest ne, wanda ya ci ya tafi wasan ƙarshe, wanda aka ci ya koma gida. Paul Skenes ke jifa wa LSU, Rhett Lowder wa Wake Forest. Ƙwallon Skenes na kai gudun kilomita 160 a awa, kafin ka kyafta ido ta shige safar mai cafewa. Zagaye tara da aka saba yi a wasa suka ƙare ba wanda ya ci ko ɗaya. Sai a zagaye na 11 Tommy White ya maka ƙwallo ta haye katanga, LSU ta ci 2 da 0. Ihun da ya tashi har a ƙirjina na ji shi.

Koci kuwa tun farkon wasa ba ƙwallo yake kallo ba. Ƙafar Skenes yake nuna wa ɗana, inda take sauka, da yadda ƙugu ke juyawa kafin hannu ya biyo. Ya ce yaron nan a makarantar sojan sama ya fara, yana jifa yana kuma cafewa, da ya koma LSU ya faɗa hannun Wes Johnson, wanda ya bar aikin kocin masu jifa na ƙungiyar ƙwararru ta Minnesota Twins a 2022 ya dawo jami'a. Mutane na tafa wa mai jifa, shi yana kallon aikin wanda ya gyara shi.

A nan ɗana, mai shekara 12, ya tambaya yaushe za a bar shi ya yi jifa mai yawa haka. Amsar ta zauna mini. Koci ya ce a dokar Little League, hukumar besbol ta yara, ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, in kuma ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu cur. Gwiwar hannun yaro ba ta gama ƙwari ba. Tiyatar gwiwar hannu da ake kira Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara yi a 1974 don ceto hannun ƙwararren ɗan wasa, yau har 'yan sakandare ake yi wa. Ya ce abin da ya fi ba shi wuya iyaye ne, masu kai yaro ƙungiya biyu ko uku a kaka ɗaya, kowane koci bai san adadin jifan da aka yi a wajen ɗayan ba. Ni uba ne, na san wannan kwaɗayin na son a ga ɗanka. Amma na fi yarda da mutumin da zai cire yaro daga fili ana tsakiyar cin wasa saboda lissafin jifansa ya cika, ya jure harara daga iyaye.

A Omaha muka kwana. Da sassafe Koci ya riga mu tashi, domin a makon gasar ƙungiyoyin yara daga jihohi da dama kan cika ƙananan filayen garin da nasu wasannin, kuma wasu daga cikin yaransa na bugawa da ƙarfe takwas. Muka bi shi. Ya zauna a bakin waya da abin ƙirga a hannu, yana danna shi duk jifa ɗaya.