Abin da nake dubawa kafin zaɓen aikin horo a buɗaɗɗiyar manhaja

Duk shekara idan Google ya fitar da jerin ƙungiyoyin da za su karɓi masu koyo a shirin Google Summer of Code, wanda aka fara tun 2005 don horo a buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta har ya kawo gyara, ƙannena masu karatun kwamfuta sukan kawo mini tambaya iri ɗaya: "Yaya, wace ƙungiya ce ta fi suna?" Ina fahimtarsu, domin ni ma da wannan tunanin na fara, amma na daɗe da daina ɗaukar suna a matsayin ma'auni.

A karona na farko na zaɓi wani babban aiki don kawai kowa ya san manhajar. Sai da na sauke kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, na gane cewa haɗa shi ya zama manhaja mai aiki a kwamfutata mai ƙaramin ƙarfi yana cin sa'o'i, kuma sau da yawa akan ɗauke wuta kafin a gama, batir ya ƙare, in koma farko. Ga shi jagoran da aka sanya yakan yi mako guda bai amsa tambaya ba. Ban ga laifinsa ba, tunda aikin sa kai yake yi bayan ya tashi daga ofis, amma lokacin nema ya wuce ban rubuta abin kirki ba.

Tun daga nan, jagora nake fara bincika. Alherin buɗaɗɗiyar manhaja shi ne komai a fili yake, don haka nakan ce wa ɗalibi ya shiga ma'ajiyar aikin a GitHub ko GitLab, shafukan da ake ajiye kod, ya nemo gyare-gyaren da sababbin shiga suka tura cikin wata ukun da suka wuce, ya duba kwana nawa aka yi kafin a kula su, da irin lafazin da aka yi musu magana da shi, da kuma ko an karɓi gyaran daga ƙarshe. Inda ya ga an nuna wa baƙo kuskurensa cikin haƙuri, an faɗa masa dalili, har ya gyara sau biyu ko uku aka haɗa aikinsa, to can ne zai koyi sana'a. Inda kuwa gyare-gyare suka taru watanni babu wanda ya tanka, komai kyawun bayanin aikin, ba na bari ya ɓata lokacinsa.

Girman aikin ma abin lura ne. Shirin na Google ya kasa ayyuka zuwa na kimanin sa'o'i 90, da 175, da 350, kuma mai zaɓen na ƙarshen cikin mako 12 yana ɗaura wa kansa kusan sa'o'i 30 a kowane mako, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga wanda jarrabawa ke jiransa.

Tsarin Outreachy, wani shirin horo makamancin na Google, yana burge ni ta wani fanni. Horon na wata uku ne, ana biyan dala 7,000, kuma kafin a zaɓi mutum sai ya shafe makonni yana ba da gudummawa a aikin da yake so, ta yadda shi da jagoran za su san juna. Yana kuma karɓar aikin rubuta bayanai da tsara fasali, alhali shirin Google ya fi karkata ga rubuta kod. Ko shirin da za a nema bai wajabta wannan gwajin ba, ina ganin ya kamata ɗalibi ya wajabta wa kansa.

A bana ƙanwata ta lura cewa wata manhajar bincike ba ta gane alaƙar "kasa" da "ƙasa" yadda mai rubutu da waya yake buƙata, domin ba kowa ke samun ƙ da ɗ da ɓ a madannansa ba. Na ce ta rubuta wa masu manhajar rahoto, ta haɗa da ƙaramin gyara, sannan mu ƙirga kwanakin da za su ɗauka kafin su amsa.