Wutar da na jefa a zauren Yelwa, da duhun da na lulluɓe abokaina da shi

Yau kusan shekara biyu kenan muna haɗuwa duk ranar Asabar bayan la'asar a zauren gidan wani yayana a Yelwa, nan Bauchi, muna buga wasan nan da ake kira Dungeons & Dragons. Ga wanda bai san shi ba, wasan labari ne, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974, mu kuma dokokin bugu na biyar muke bi, na 2014. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi ɗaya, ka faɗi abin da kake so jaruminka ya yi sai a jefa ƙwaya, irin ɗan lido mai lambobi, a ga ko ya yiwu. Yaya ne mai labarinmu. Taswira kuwa kwalin indomi ne muka zana masa gida-gida da biro, kowane gida ƙafa 5, jarumai murfin kwalba, dodanni kuma tsakuwa ko wake.

Ni matsafi na ɗauka, wato wolok. Kuma bari na faɗi wannan tun yanzu don nasan wani zai tambaya, mu ma sai da muka zauna muka tattauna akai kafin a fara. Ba a karanta komai, ba a kiran sunan kowa, ba a saka ayoyi ko sunayen iskokin da mutanenmu suka sani cikin wasan, ba kuɗi ba caca, kuma ana kiran magariba ake naɗe kwali. Tatsuniya ce da lissafi. Akwai abokinmu ɗaya da yace shi dai ransa bai kwanta ba, ya bari, kuma har yau ina ganin girmansa akan haka.

Jarumina sunansa Ɗan Toka, yaron maƙera ne da mahara suka ƙone garinsu, cikin baƙin ciki ya je ya ƙulla alkawari da wani mugun abu na ƙarƙashin ƙasa aka ba shi wuta. Abin da ya bambanta wolok da sauran masu sihiri a wasan kenan, shi ba karatu ya yi ba, ba gado ya yi ba, bashi ya ci. Kuma dokar wasan ta takura shi sosai, a matakan ƙarfi da jarumi ke hawa, daga mataki na 2 har na 10 manyan sihiri biyu kacal zai iya yi kafin ya huta, mu muna ce musu harsashi, sai dai hutun awa ɗaya a cikin labarin ya isa su dawo. Sauran lokaci kibiyar tsafi kake ta harbawa, wadda ba ta cin harsashi, tana kai ƙafa 120, tana rage jinin abokin gaba, wato makin ransa, da adadin da ƙwaya mai fuska 10 ta nuna, a mataki na 5 ta zama kibiya biyu.

Watanni na yi ina jiran mataki na 5 saboda abu ɗaya, fayabol. Dunƙulen wuta ne da kake jefawa har ƙafa 150, ya fashe ya cinye ƙafa 20 ta kowane ɓangare, ƙwaya 8 masu fuska shida ake jefawa. A kwalinmu gida takwas ne daga wannan baki zuwa wancan. Ba mu da ƙwayoyi takwas, sai da ƙanin Yaya ya zaga maƙwabta ya aro na lido, wasu farare wasu ja ɗaya ma gefenta ya ɓare, na zuba su a kofin shayi na roba.

Ranar sanyi ne, hazo ya rufe gari ko dutsen da ke bayan unguwa ba a gani sosai, kowa ya ƙudundune a tabarma ga ledar masa a tsakiya. A labarin mun shiga wani ƙauye da goblin, wasu ƙananan dodanni, suka mamaye, sun tara mutanen gari kusa da rumbunan hatsi. Ƙanwar Yaya, wadda take riƙe da mai warkarwar ƙungiyarmu, ta kutsa tsakiyarsu don ta ɗago wani tsoho da aka sara. Goblin bakwai sun zagaye ta. Ni abin da idona ya gani kawai shi ne wake bakwai a haɗe wuri ɗaya. Yaya ya dube ni yace, ƙanina ka duba kwalin nan da kyau kafin ka yi magana. Nace Yaya na gani, a jefa. Ya sake cewa ka tabbata? Nace na tabbata.

Na girgiza kofi na kifa, aka ƙirga 31. Goblin jininsa 7 ne, ko ya kauce rabi zai ci, duk sun zama toka. Na ɗaga hannu ina murna sai naji zauren ya yi tsit. Ita ma sai ta jefa tata ƙwayar ta kaucewa, tana neman 15, ta samu 6, jininta saura 22 ne. Ta faɗi. Tsohon da ta je ceto ya mutu nan take. Kuma dokar fayabol ta faɗi ƙarara cewa duk abin da wuta ke ci wanda ba a jikin mutum yake ba zai kama, to rumbu fa, kara da ciyawa da gero, Yaya bai ƙara komai daga kansa ba, karanta mana kawai ya yi, sannan ya fara ba da labarin yadda matan ƙauyen suke gudu da ƙore suna watsa ruwa kan abincin shekara.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata doka ta irin alkawarin da na ɗauka, duk sanda ka kashe abokin gaba ana ƙara maka jinin aro, ni nawa 9 ne. Wato a daidai lokacin da take kwance tana jefa ƙwayar mutuwa, wadda in ka faɗi sau uku jaruminka ya tafi kenan, ni rubuta ƙarin jini nake a takardata. Ta faɗi sau biyu kafin mai takobinmu ya isa ya ɗura mata magani. Ba ta yi faɗa ba wlh, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, yaya wata biyar nake rainon yarinyar nan. Ta tattara takardunta ta shige cikin gida tun kafin a tashi. Na hau keke napep zuwa gida ina ta juya maganar, don gaskiya ce, kowa a tabarmar nan ya zuba lokacinsa da tunaninsa a jaruminsa kamar yadda na zuba a nawa.

Bayan nan sai na ja baya da wuta na koma duhu, ina ganin ai shi ba ya ƙona kowa. Akwai haɗin da duk mai buga wolok ya sani, ka ɗauki baiwar idon shaiɗan wadda ke sa ka gani har ƙafa 120 ko a duhun sihiri, sai ka saki sihirin duhu, ƙafa 15 ta kowane gefe, har minti 10. Kai kana ganinsu su ba sa ganinka, don haka kai ƙwaya biyu kake jefawa ka ɗauki babba, su kuma in za su kai maka hari su jefa biyu su ɗauki ƙarama. A takarda babu kamarsa. Sati uku ina yi ina jin daɗi, kibiyoyina ba sa kuskure.

Ashe cutar da nake yi ta fi ta wutar, don wannan a hankali take cin mutane. Abokinmu ɗan Gombe mai riƙe da maharbi, wanda yake baro Gwallameji ya zo duk sati, in zagaye ya zo kansa sai dai yace to ni ina zan harba, ya yi ta lalube yana canke gida. Mai warkarwa kuma kalmar warkarwarta, wadda take yi daga nesa, sharaɗinta sai tana ganin mutum, to na rufe mata ido. Wata rana na ɗago kai naga mutum biyu suna danna waya, ɗaya ya fita sayo tsire bai ma ce a jira shi ba. Ni kaɗai nake wasa, su sun zama ƴan kallo, kuma ko kallon babu tunda duhu ne. Bayan an tashi Yaya ya rako ni bakin titi yace, ƙanina ba zan hana ka ba don doka ta ba ka, amma ka lura mutum nawa suka yi dariya yau.

Gyaran ashe yana cikin dokar kanta ban karanta har ƙarshe ba. Ana iya ɗora duhun a kan wani abu da kake riƙe da shi, ya riƙa binka, kuma in ka rufe abin da ƙoƙo ko hular ƙarfe duhun ya ɗauke. Sai Ɗan Toka ya samo ɗan dutse ya saka a batta. Yanzu in za a yi faɗa sai na ja can gefe, nesa da kowa, na buɗe battata na zauna a duhuna ni kaɗai ina harbi, tunda kibiyata na kai ƙafa 120 me zai kai ni tsakiyar mutane. Ko kuma na jefa duhun kan maharban abokan gaba da ke saman ganuwa, su makance, namu su samu hanya. Da na fara tambaya kafin na yi, ina cewa jama'a zan rufe ƙofar can akwai mai buƙatarta, wasan ya canza gaba ɗaya.

Wani abu kuma da ya ci min harsashi a banza sau da yawa, maganar riƙo. Duhu da sammu, wanda ke ƙara ƙwaya ɗaya mai fuska shida a duk harbin da ya samu wanda ka yi wa, da wani sihirin da ake kira yunwar Hadar, duk sai ka riƙe su da hankalinka, kuma ɗaya kawai ake riƙewa a lokaci guda. Ka yi sammu sannan ka saki duhu, sammun ya tafi, harsashi biyu sun ƙare. In aka buge ka kuma sai ka jefa ƙwaya ka samu 10 ko rabin abin da aka cire maka, wanda ya fi yawa, in ba haka ba ya suɓuce. Fayabol ba ya son riƙo, shi yasa yanzu nake haɗa ɗaya mai riƙo da ɗaya mai fashewa. Kuma ina roƙon a huta awa ɗaya tun kafin a shiga wuri mai haɗari, ba sai ana tsakiyar kogo ba.

Ban daina son wuta ba fa. Ranar da muka haɗu da turol, dodon nan da jininsa ke dawowa 10 duk zagaye sai in wuta ko asid ta taɓa shi, ni na hana shi tashi. Kuma ina son yadda nake siffanta ta da bakina, ba na cewa na jefa fayabol kawai, sai nace Ɗan Toka ya hura tafin hannunsa kamar mai zuga a maƙera, warin gawayi ya cika wurin, inuwarsa a bango ta motsa kafin shi ya motsa. Ni da Yaya muka ƙara wata ƙa'ida tamu wadda ba ta cikin littafi, duk sanda ya yi babbar wuta sai ya manta abu ɗaya na garinsu. Na rubuta abu goma sha biyu a bayan takarda ina sokewa ɗaya-ɗaya. Ranar da na soke muryar mahaifiyarsa hannuna sai da ya tsaya, daga nan ba wanda ya sake ce min na yi tunani kafin na jefa.

Sai watan da ya wuce Yaya ya kawo masu karɓar bashi. Wanda Ɗan Toka ya yi alkawari da shi ya turo shaiɗanu biyu masu gemu da dogayen masu. Irin waɗannan a wasan wuta ba ta musu komai sam, kuma suna gani a duhun sihiri kamar yadda nake gani. Duk abin da nake taƙama da shi ya zama ba amfani, harsashina biyu suna aljihu ba inda zan kai su. A saman ganuwa ake faɗan, mai takobi ya tare ɗaya, ɗayan ya soki mai warkarwa ta faɗi, ya ɗaga mashi zai ƙarasa ta, kuma zagayena ne.

Da muka hau mataki na 6 na sauya wata baiwa na ɗauki wadda ke sa kibiyar tsafi ta ture mutum har ƙafa 10 duk sanda ta same shi, ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba. Na sunkuya kan kwalin na ƙirga da yatsa, daga tsakuwar shaiɗanin zuwa bakin ganuwa gida uku ne, ƙafa 15, kenan sai duka biyun sun shiga. Na dubi ƙanwar Yaya nace, ƙanwata ki yarda na gwada, in na kuskure ɗaya yana nan a kanki. Tace gwada yaya. Ta farko 17, ta shiga. Ta biyu ƙwayar ta gangara ta faɗa ƙarƙashin tiren shayi, aka ɗaga tire da fitilar waya don an ɗauke wuta tun ɗazu, 14, da ƙarin da nake da shi ta wuce. Yaya ya sa ɗan yatsa ya tura tsakuwar gida biyu, ya sake tura ta har ta faɗo daga kan kwalin ta buga tabarma.

Ɗan Gomben nan ya miƙe tsaye yana ihu har Hajiya ta aiko daga cikin gida a ce mana mu rage murya. Ɗayan shaiɗanin bai mutu ba, ya gudu da saƙo, kuma abubuwan da suka rage a bayan takardata guda huɗu ne. Asabar mai zuwa za mu je neman hanyar warware alkawarin, ita ce ma ta kawo shawarar, tace ta san wani tsoho a labarin da zai iya sanin inda aka binne takardar bashin.